Tambaya da Amsa: Na Fara Shan Kiriyatin, Sikeli Ya Hau, Shin Kitsen Ne Ya Dawo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina ɗaga ƙarfe shekara uku ke nan a wani gidan motsa jiki da ke unguwarmu. Watanni biyu da suka wuce na shiga abin da muke kira kotin, wato rage kitse domin tsoka ta fito sosai, saboda akwai 'yar gasa da muke shirin yi tsakaninmu. A cikin mako shida na sauko daga kilo 82 zuwa 78, ina murna. Sai na sayi garin kiriyatin, wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfin tsoka, na fara sha cokali huɗu a rana kamar yadda aka rubuta a jikin robar, kuma cikin kwana takwas sikeli ya nuna kilo 79 da rabi, alhali ban ƙara ko loma ɗaya a kan abincina ba. Wani abokina ya ce in daina sha domin yana tara ruwa a ƙarƙashin fata, wani kuma ya ce in je kemis in sayi ƙwayar da ke sa yawan fitsari, ruwan zai zube cikin kwana biyu. Malam, wanne zan bi? Kuma shin wahalar da na sha ta mako shida ta tafi a banza ke nan?

Daga mai karatu a Badariya, Birnin Kebbi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wahalarka ba ta tafi a banza ba, kuma kafin komai ina so ka ajiye maganar zuwa kemis a gefe guda, zan dawo kanta a ƙasa domin ita ce kaɗai abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka.

Bari mu fara da lissafi, tun da sikeli ne ya tsorata ka. Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin makamashin da ke cikin abinci, wajen 7,700. Kafin kilo ɗaya da rabi na kitse ya taru a jikinka cikin kwana takwas, sai ka ci rarar kalori sama da 11,000 a kan abin da jikinka ke ƙonawa, wato kusan 1,400 a kowace rana, kwatankwacin ƙarin manyan kwanuka biyu na shinkafa da miya bayan abincin da ka saba. Kai kuwa ka ce ba ka ƙara ko loma ba, kuma shi kansa garin kiriyatin ba ya ɗauke da wani kalori da za a lissafa. Saboda haka abin da ya hau a sikeli ruwa ne, kuma adadin da ka gani ya yi daidai da abin da aka saba gani ga wanda ya fara da cokali huɗu a rana, domin ƙarin kilo ɗaya zuwa biyu a makon farko sananne ne.

Yana da kyau ka san abin da kake sha. Kiriyatin ba baƙo ba ne a jikinka. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Faransa mai suna Michel Chevreul ne ya fara gano shi a cikin nama a shekarar 1832, kuma sunan ma daga kalmar nama ta harshen Girkanci aka samo shi. Hanta da ƙoda suna haɗa kusan giram ɗaya a kullum, sannan mai cin nama da kifi yana samun kusan wani giram ɗayan daga abinci. Kashi 95 cikin 100 nasa a tsoka yake zaune. Aikinsa shi ne ya taimaka wa tsoka ta maido da makamashinta cikin gaggawa a lokacin aiki mai tsanani na 'yan daƙiƙoƙi, irin ɗaga ƙarfe mai nauyi ko gajeren gudu da iyakar sauri, kuma wannan ne ya sa mai shan sa kan iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a inda da can hannu ya sare. Mutum mai kilo 70 yana da kusan giram 120 a ajiye, kuma idan yana shan garin, ajiyar kan iya kaiwa wajen giram 160. Giram 5 da ke cikin cokali ɗaya ya fi abin da za ka samu a kilo guda na ɗanyen naman sa, shi ya sa ko da kullum kana cin kifin Argungu ko na Yawuri, da wuya abinci kaɗai ya cika maka ajiyar.

To ina ruwa ya shigo? Kiriyatin sinadari ne mai jan ruwa, kuma yana shiga cikin ƙwayoyin tsoka ne tare da sinadarin da ke cikin gishiri, sai ruwa ya bi su. Tsoka dama kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne. Idan ka cika ta da kiriyatin cikin mako guda, dole ta ƙara jan ruwa, kuma sikeli ba ya bambance ruwa da kitse da ƙashi da tuwon da ke cikin hanji, jimla kawai yake ba ka.

A nan akwai wata magana da masu sayar da garin suke yawan faɗa, cewa ruwan duka cikin tsoka yake shiga, ko ɗigo ba ya zama a waje. Wannan ya yi daɗin ji fiye da yadda lamarin yake. Ruwan jikin mutum kashi biyu cikin uku yana cikin ƙwayoyin halitta, kashi ɗaya yana wajensu, a jini da tsakanin ƙwayoyin. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya auna mutanen da ke shan kiriyatin, ya tarar jimlar ruwan jikinsu ta ƙaru, amma rabon da ke tsakanin na ciki da na waje bai sauya ba. Ma'ana, mafi yawan ƙarin yana ciki, kaɗan yana waje, kuma jiki bai karkata zuwa tara ruwa a ƙarƙashin fata ba. Idan ka raba wannan kaɗan ɗin a duk faɗin jiki har da jini, abin da zai zauna tsakanin fatar cikinka da tsokarka bai kai ya ɓoye maka komai ba. Binciken da aka yi na makonni da yawa kuma ya nuna cewa bayan an wuce kwanakin farko, ruwan jiki yana tafiya ne daidai da yawan tsokar da mutum ke da ita. Don haka abokinka na farko yana da ƙanshin gaskiya, amma ya kambama ta. Abin da ke rufe layukan ciki ga mafi yawan samarin da na gani suna tsaye gaban madubi suna tsunkular fatar cibiya, sauran kitse ne da bai gama tafiya ba, kuma mai kilo 78 da ya yi mako shida kacal yana kotin yana da sauran tafiya. Ya fi sauƙi mutum ya ɗora laifi a kan robar da ya saya da ya yarda cewa akwai sauran mako shida na haƙuri a gabansa.

Ra'ayina shi ne kada ka daina, domin lokacin rage kitse ne ma ka fi buƙatarsa. Wanda ya rage abinci ƙarfinsa kan ragu, idan ƙarfi ya ragu sai ya rage nauyin ƙarfen da yake ɗagawa, idan ya rage nauyi kuwa jiki ya ga ba shi da dalilin riƙe tsokar da ba a amfani da ita, sai ya fara cin ta tare da kitsen. Duk abin da zai taimake ka ka ci gaba da ɗaga nauyin da ka saba a wannan lokaci yana tsare maka aikin shekara uku. Ƙari a kan haka, tsokar da ta cika da ruwa ta fi fitowa a ido. Wanda ya rage shinkafa da tuwo yakan ga ƙwanjinsa ya saki kamar tayar da ta yi sanyi, kuma ruwan da kiriyatin ke riƙewa a ciki yana rage wannan sakin.

Abin da zan ce ka gyara shi ne yawan da kake sha. Cokali huɗu a rana, wato giram 20 da ake kira lodin, na kwana biyar zuwa bakwai ne kawai, kai kuma ka riga ka wuce. Ka koma giram 3 zuwa 5 a rana, sau ɗaya, har ranakun da ba ka zuwa motsa jiki. Abin da ya haura haka bayan tsoka ta cika, fitsari ne zai tafi da shi tare da kuɗinka. Shi lodin ɗin ma ba dole ba ne tun farko. Masanin kimiyya Roger Harris da abokan aikinsa ne suka nuna a 1992 cewa shan garin yana ƙara ajiyar tsoka, sannan a 1996 Eric Hultman da nasa abokan aikin suka nuna cewa giram 3 a rana na tsawon kwana 28 yana kai mutum inda giram 20 na kwana shida ke kai shi. Da ka bi ta wannan hanya, da ruwan ya shigo a hankali cikin wata guda, kitsen da kake zubarwa yana rufe shi a sikeli, da ba ka ma rubuto mini ba. Haka kuma kumburin ciki da gudawa da wasu ke kuka da su galibi daga shan giram 10 ko fiye a lokaci guda suke zuwa, kuma da yawa daga masu cewa garin ya kumbura su, cikinsu ne ya cika da iska.

Akwai abubuwa biyu da suka fi kiriyatin wasa da nauyinka daga yau zuwa gobe, kuma duka suna cikin kwanonka. Na farko shi ne abinci mai sitaci. Jiki yana ajiye sukarin da ya samu daga shinkafa da gero da dawa a cikin tsoka da hanta, ajiyar da kan kai giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Wannan ne ya sa wanda ya yanke tuwo yake ganin kilo biyu sun zube a makon farko ya ɗauka kitse ne, kuma ranar da ya je biki ya ci tuwon shinkafa malmala uku ya sha fura, washegari sikeli ya maido masa da su. Ina kyautata zaton cewa a cikin kilo huɗun da ka zubar akwai irin wannan ruwa, kamar yadda akwai ruwa a kilo ɗaya da rabin da ya dawo. Na biyu shi ne gishiri, kuma shi ne ainihin mai tara ruwa a wajen tsoka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, mu kuwa miyarmu da dunƙule uku ko huɗu, yajin tsire da dunƙule, kilishi da dunƙule, ga taliyar leda da samari ke dafawa da dare. Ka lura da safiyar da ta biyo bayan daren da ka ci kilishi sosai: zoben azurfa ya matse yatsa, ƙasan ido ya ɗan tasa, shatin safa ya zauna a ƙafa. Ba na cewa ka yanke gishiri gaba ɗaya, musamman a bazarar Birnin Kebbi da zafi ke haura digiri 40, wadda za ka gama motsa jiki ka ga farin shatin gishiri ya bushe a bayan baƙar rigarka. Abin da nake so shi ne ka daidaita shi ya zama kusan ɗaya a kullum, domin hawa da saukarsa ne ke rikita sikeli. Ƙarancin barci da yawan gajiya su ma suna sa jiki riƙe ruwa na 'yan kwanaki.

Tun da haka ne, ka rage dogaro da sikeli. Ka ari tef ɗin awo irin na tela, ko ka sayi naka, ka auna ƙugunka daidai saitin cibiya sau ɗaya a mako, da safe bayan ka zaga kuma kafin ka ci komai, ba tare da ka haɗiye ciki ba. Idan tef yana raguwa, kitse yana tafiya ko da sikeli ya tsaya cik. Shi kuma sikelin ka hau shi kowace safiya a yanayi ɗaya, ka rubuta, a ƙarshen mako ka haɗa bakwai ɗin ka raba da bakwai, ka kwatanta wannan mako da wancan. Ka ɗauki 79 da rabi a matsayin sabon mafarinka. Saurin da ka zo da shi, kilo huɗu a mako shida, yana cikin iyakar da ake so, wato rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na nauyin jiki a mako, don haka kada ka ƙara matse abinci don ka rama abin da ba asara ba ne. Ka dai tabbata furotin ya isa, giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinka, wanda a wurinka ya kama daga 125 zuwa 170 a rana, daga ƙwai da kifi da nama da wake da awara da nono.

Yanzu ga maganar kemis. Ƙwayoyin da ke sa yawan fitsari magunguna ne na masu ciwon zuciya da hawan jini da ciwon ƙoda, likita ne ke ba da su yana kuma duba jinin mai sha. Ba ruwa kaɗai suke fitarwa ba, suna tafiya da sinadaran da zuciya ke dogaro da su wajen bugawa daidai, musamman fotashiyam. Matashin da ya rage abinci, yana zubar da gumi a zafinmu, sannan ya ɗora wannan ƙwaya, yana iya faɗuwa da murɗewar tsoka, ko ƙodarsa ta samu rauni, ko bugun zuciyarsa ya rikice ba tare da gargaɗi ba. Mohammed Benaziza, shahararren mai gina jiki ɗan asalin Aljeriya da ke wakiltar Faransa, ya rasu a 1992 sa'o'i kaɗan bayan ya lashe wata gasa a ƙasar Holan, kuma an danganta mutuwarsa da matsanancin bushewar jiki da irin waɗannan magunguna. Hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta su, alhali kiriyatin bai taɓa shiga jerin abubuwan da ta haramta ba. Kuma ko a ido ba riba, domin ƙwayar ba ta zaɓen ruwan da za ta ɗiba, tana rage na jini, tsoka ta saki, jijiyoyin da kake so su fito su kwanta. Ka gaya wa abokin naka wannan, domin mai ba da irin wannan shawara wataƙila shi ma yana sha.

Haka nan kada ka rage shan ruwa da sunan hana jiki tarawa. Ka sha gwargwadon ƙishi da gumi, ka duba fitsarinka, idan ya yi duhu kamar shayi to ka yi ƙasa. Tsoron da ake yi cewa kiriyatin yana busar da jiki ko yana kawo murɗewar tsoka a lokacin zafi, binciken da aka yi a kan 'yan wasa masu atisaye cikin rana bai tabbatar da shi ba. Idan azumi ya same ka a cikin wannan shiri, ka sha cokalinka bayan buɗa-baki, domin lokacin sha ba shi da wani tasiri sosai, abin da ke aiki shi ne kada a yi fashi. Sai dai ka dama ka sha nan take. Garin yana daɗewa idan yana bushe, amma idan ya zauna a ruwa, musamman mai tsami kamar zoɓo kuma a wuri mai zafi, yakan lalace a hankali.

Game da gasarku, wasu suna dainawa saura mako guda don ruwa ya fita. Ba na ganin amfanin haka, domin ajiyar tsoka tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta koma yadda take, kuma abin da za ka rasa idan ta koma shi ne cikar tsokar da kake son nunawa. Wajen saye kuma ka tsaya a kan samfurin da aka rubuta monohydrate a jikinsa, shi ne aka fi bincika kuma shi ne mafi araha. Waɗanda ake tallatawa da tsada wai ba sa tara ruwa, ba a nuna sun fi shi aiki ba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da hatimin murfi, kuma ka guji wanda ake ɗurawa a farar leda ba suna ana sayarwa cokali-cokali, domin ba ka san abin da aka gauraya ba.

TAMBAYA

Malam, wata huɗu ina shan kiriyatin. Na yi gwajin jini a asibiti saboda neman aiki, sai aka ce wani abu mai suna kiriyatinin ya ɗan haura, wai in dawo a sake duba ƙodata. Ƙafata kuma takan ɗan kumbura da yamma. Shin garin ne ya jawo?

Daga mai karatu a Tudun Wada, Gusau.

AMSA

Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Kiriyatinin shi ne dusar da ke fita idan kiriyatin ya gama aiki a tsoka, ƙoda ce ke tace shi, shi ya sa likitoci ke auna shi don su san lafiyarta. Mai yawan tsoka, da mai shan garin, da wanda ya ci nama da yawa ko ya yi motsa jiki mai tsanani kafin a ɗebi jininsa, duk nasu kan iya ɗan haurawa alhali ƙodarsu lafiya lau. Binciken da aka yi na shekaru a kan masu lafiya da ke shan adadin da aka ƙayyade bai nuna yana lalata ƙoda ba. Amma ba ni ne zan yanke maka cewa naka daga nan yake ba. Ka koma kamar yadda aka ce, ka tafi da robar a hannu, ka gaya wa likita yawan da kake sha da tsawon lokacin, tare da duk wani maganin ciwon jiki ko na gargajiya da kake amfani da shi, domin yawan shan magungunan kashe ciwo bayan ɗaga ƙarfe yana wahalar da ƙoda. Yana iya cewa ka dakata na wasu makonni a sake gwaji, ko ya duba fitsari, ko ya yi wani gwajin da ake kira sistatin C wanda yawan tsoka ba ya rikita shi sosai.

Kumburin ƙafa kuwa ba aikin kiriyatin ba ne, kuma shi ne ya sa nake so ka dakatar da garin daga yau har likita ya gan ka. Da yamma ka zauna, ka danna babban yatsanka a kan ƙashin ƙwaurinka kusa da idon sawu, ka ƙirga zuwa goma, ka ɗaga. Idan wurin ya lotsa ya zauna kamar an danna tuwo, ko kana tashi da kumburarriyar fuska da safe, ko fitsarinka yana kumfar da ba ta saurin kwanciya, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ko asibitin da ya fi kusa da kai a cikin makon nan, kuma ka nemi a auna maka hawan jini da sukari a zuwa ɗaya.